Hayaƙi yana dawowa cikin ɗaki: yaushe ake share bututun murhun itace, kuma ta yaya?

Mai Sabon Murhu:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna amfani da murhun itace na ƙarfe, irin wanda ake rufe ƙofarsa hayaƙin ya bi ta bututu ya fita ta saman rufi. Wannan shi ne lokacin sanyi na biyu da muke ɗumama gida da namu. A shekarar farko bai ba mu wata wahala ba, amma yau kusan mako uku ke nan duk sa'ad da na buɗe ƙofar don in ƙara itace sai hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, wutar ba ta kamawa da wuri da safe, gilashin ƙofar kuma yana yin baƙi ƙirin cikin yini ɗaya. Jiya na ƙwanƙwasa bututun da hannu, na ji wani abu yana zubowa ta ciki kamar tsakuwa. Tun da aka kafa murhun ban taɓa share bututun ba, domin ban san ana yi ba. Shin aikin da mutum zai iya yi da kansa ne, kuma sau nawa ake yinsa a shekara?

Baba Maƙeri:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, kada ka sake hura wuta a murhun nan sai ka leƙa cikin bututun da idonka. Alamomin da ka lissafa duk abu ɗaya suke nunawa, wato hanyar hayaƙin ta ƙuntata. Ka bari murhun ya huce sarai, ka cire farantin da ke saman ɗakin wutar daga ciki, ka haska tocila sama, in ba ka gani sosai ka sa ɗan madubi. Sannan ka kankare bangon bututun da bakin sukundireba ka ga kaurin abin da ya taru. Idan ya kai milimita 3, wato ya ɗan ɗara kaurin tsinken ashana, lokacin shara ya yi. Daga bayaninka, ina kyautata zaton naka ya wuce haka nesa.

Malamar Kimiyya:
Baba ya faɗi gaskiya, ni kuma zan ƙara da bayanin abin da ke taruwar, domin wanda ya san asalinsa shi ne zai iya rage shi. Itace ba ya ƙonewa kai tsaye. Zafi ne yake fara fitar da tururi da iskoki da wani maiƙo mai kama da kwalta daga jikinsa, waɗannan ne suke ci da harshen wuta. Idan wutar ba ta da isasshen zafi ko isasshiyar iska, wani kaso nasu ba ya ƙonewa, sai ya tashi a matsayin hayaƙi. Da hayaƙin ya taɓa bangon bututu mai sanyi sai ya yi raɓa a jikinsa, kamar yadda tururi yake yi a murfin tukunya, ya manne ya bushe. Wannan shi ake kira kiriyosot, kuma yana taruwa da sauri idan zafin hayaƙin ya sauka ƙasa da kusan digiri 120 a ma'aunin Salshiyas.

Masu wannan sana'a sun kasa shi mataki uku. Na farko kunkunniya ce mai laushi kamar gari, burushi yana kwashe ta ba wahala. Na biyu ɓawo ne baƙi mai ƙaras-ƙaras, shi ne ka ji yana zubowa kamar tsakuwa, yana fita amma sai an sa ƙarfi. Na uku shi ne abin tsoro, domin yana zama kamar kwaltar da aka narkar aka shafe bututun da ita ta daskare, yana sheƙi, burushi yana zamewa a kansa ba ya ko ƙwarzanarsa. Dukansu makamashi ne da bai ƙone ba, suna jiran ranar da zafi zai ishe su su kama.

Mai Faskare:
Malama, bayaninki ya gamsar, amma ina da ja a kan maganar burushi. Ni shekara huɗu ke nan ban sa burushi a bututuna ba, kuma lafiya lau yake jan hayaƙi. Abin da nake yi shi ne kowace safiya in buɗe mashigar iska gaba ɗaya, in bar wuta ta ci da ƙarfi na kusan rabin awa, duk abin da ya kwana a bututun ya bushe ya kakkaɓe. Bayan haka ina zuba garin nan da ake sayarwa na narkar da kunkunniya lokaci-lokaci. A ganina ɗan'uwanmu ya hura wuta mai ƙarfi sau biyu ko uku, zai ga hanya ta buɗe, ba sai ya hau rufi ya sa ransa a haɗari ba.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana:
Ɗan'uwa Mai Faskare, don Allah ka janye wannan shawara a kan wannan bututun. Wuta mai ƙarfi da safe tana da amfani ga bututun da yake da tsabta, domin tana ɗumama shi ta hana sabuwar raɓa zama. Amma a hura ta a ƙarƙashin bututun da ya shiga shekara ta biyu yana tara kiriyosot, wannan shi ne ainihin yadda gobarar bututu take tashi. Na sha zuwa irin waɗannan gidaje lokacin da nake aiki, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne, wato an zuba kwali ko takardu ko ƙirare masu yawa, harshen wuta ya miƙe ya shiga bututu.

Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane girman abin ba. Zafin cikin bututun yana iya haura digiri 1000, ƙarfen ya yi ja, ya riƙa girgiza, ana jin ruri kamar na jirgi yana tashi, tartsatsi da guntayen wuta suna fita ta sama suna sauka a kan rufi. Irin wannan zafi yana lanƙwasa ƙarfe, yana tsaga bututun yumɓu da ke cikin na bulo, daga nan sai wuta ta sami hanya zuwa katakon rufi. Akwai kuma wadda take ci a hankali ba ƙara, masu gida ba su ma san ta auku ba sai mai shara ya tarar da kiriyosot ya kumbura ya yi kumfa kamar soso, hular bututun ta canza launi.

Idan Allah ya ƙaddara ta tashi, a rufe ƙofar murhu da duk mashigar iska, a fitar da kowa daga gidan, a kira 'yan kwana-kwana daga waje ko da an ga kamar ta mutu. Kada a watsa ruwa cikin murhu mai zafi, domin tururin da zai tashi nan take yana ƙona mutum, sanyin farat ɗaya kuma yana fasa ƙarfe da bulo. Bayan haka ba a sake amfani da bututun sai masani ya duba shi daga sama har ƙasa.

Mai Faskare:
Yaya, na karɓi gyaranka a kan bututun da ya riga ya toshe, ban yi tunanin wannan ɓangaren ba. Amma ina nan a kan bakana cewa burushi ba shi ne tushen magani ba. Dalilin da ya sa nawa bai tara komai ba shi ne itacen da nake ƙonawa. Ɗanyen itace da aka sare yanzu, kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma wuta sai ta fara tafasa ruwan nan ta kore shi kafin ta ba da zafi, shi ya sa hayaƙinsa yake da sanyi da nauyi. Ni sai na faskara, na jera shi a kan abin da ya ɗaga shi daga ƙasa, na rufe samansa kawai na bar gefuna iska tana ratsawa, ya yi aƙalla shekara guda, mai tauri ma har biyu, kafin ya shiga murhu. Ina so mai tambaya ya gaya mana wane irin itace yake sakawa, da yadda yake barin wutar da dare.

Mai Sabon Murhu:
Na gode muku duka, kuma tun jiya ban hura wutar ba. Game da tambayarka, Yaya, itacen bana na saye shi ne dab da shigowar sanyi, mai sayarwar ya ce busasshe ne, amma idan na sa shi a wuta ina jin yana tsuwa, wani lokaci har kumfa take fitowa ta bakin guntun. Da dare kuma nakan cika murhun taf, in rufe mashigar iska kusan gaba ɗaya don wutar ta kai safiya. Na ɗauka yin haka tattali ne.

Malamar Kimiyya:
To, ka haɗa abubuwa biyun da suka fi komai haifar da kiriyosot, wato jiƙaƙƙen itace da wutar da aka shaƙe. Tsuwa da kumfar nan ruwa ne yake tafasa a cikin itacen. Abin da ake so shi ne danshin itace ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Akwai ƙaramar na'ura mai tsinke biyu da ake auna shi da ita, amma sai ka tsaga guntun ka soka ta a sabuwar fuskar, domin bayan itace yakan bushe alhali cikinsa jiƙe yake. Ko ba na'ura, busasshen itace ba shi da nauyi, bakinsa yana da tsattsagewa, idan ka buga biyu da juna ƙarar tana fita tas, ba dum ba.

Ga Mai Faskare kuma, na yarda da kai cewa itace ne tushe, amma jan hayaƙi da kyau ba hujja ba ce cewa bututu yana da tsabta. Garin da kake zubawa yana iya busar da kiriyosot ya sa ya yi saurin ɓarewa, sai dai abin da ya ɓare ba ɓacewa yake yi ba, yana faɗowa ne ya taru a gwiwar bututu ko a kan farantin murhu, dole wani ya kwashe shi. Ƙa'idar NFPA 211 ta ƙungiyar kare gobara ta Amurka ma cewa ta yi a duba bututu aƙalla sau ɗaya a shekara, a share idan da buƙata. Wataƙila ka leƙa ka tarar ba komai, mu yi maka murna, amma leƙawar ba ta da madadi.

Baba Maƙeri:
Bari in zo kan yadda ake sharar, tunda ita aka tambaya. Da farko ka auna faɗin bututunka, yawancin na murhun ɗaki santimita 15 ne, ka nemi burushi mai daidai wannan faɗin. Ƙarami ba ya taɓa bango, babba kuma yana maƙalewa a tsakiya, kuma fitar da burushin da ya maƙale aiki ne mai cin rai. Idan bututun na ƙarfe marar tsatsa ne, ka sayi burushin roba mai tauri, domin na waya yana ƙwarzane shi, tsatsa ta sami wurin kamawa. Burushin waya na bututun bulo ne da yumɓu. Sai sanduna masu lanƙwasuwa da ake ɗaura su ɗaya bayan ɗaya.

Ka tabbata babu garwashi ko ɗaya. Ka shimfiɗa tsohon zane a gaban murhu, ka cire farantin sama, ka rufe ƙofa da mashigar iska, in ba haka ba ƙurar za ta bi ko'ina a gidan. Idan ta sama za ka yi, ka cire hular bututun, ka tura burushi kana goga sama da ƙasa a kowane taki sau da yawa kafin ka ƙara sanda, har ka ji ya sauka. Abu ɗaya da kada ka manta, idan za ka murɗa sandar ka murɗa ta hannun dama kullum, yadda hannun agogo yake tafiya, domin da ka juya hagu mahaɗin zai kwance, burushin ya zauna a ciki kai kuma ka fito da sanda.

Guntun bututun da ya haɗa murhu da babban bututu, musamman gwiwa da wurin da ya kwanta, nan datti ya fi zama. Ka yi wa mahaɗan alama da alli, ka kwance sukurorin, ka toshe bakunan da leda, ka fita da shi waje ka goge. Kana yi kana latsa ƙarfen da yatsa, inda ya lotsa ko ka ga huda kamar ta allura, tsatsa ta cinye shi, sai sauyi. Wajen mayarwa, bakin da aka matse shi ne yake kallon ƙasa, wajen murhu, don duk abin da ya narke ya gangara ta ciki maimakon ya tsiyayo ta waje, kowane mahaɗi kuma a ɗaure shi da sukurori uku. In ka gama ka jira ƙura ta kwanta, ka kwashe abin da ya zubo, ka sake haska tocila. Idan ka ga bango yana sheƙi kamar gilashi bayan duk wannan gugar, ka tsaya nan, wannan mataki na uku ne, aikin masu kayan aiki na musamman ne.

Uwar Yara:
Baba, Allah ya saka da alheri. Ni ina so in ja hankali kan hular bututun, domin ita ta kusa halaka mu. Bara, a farkon sanyi, mun hura wutar farko, kwana biyu ni da yara muna fama da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, idan mun fita waje mu ji sauƙi, mu dawo ya dawo. Da aka hau sama sai aka tarar ragar hular ta yage, tsuntsu ya yi sheƙa a ciki tun lokacin zafi, ya cika bakin da ciyawa. Ashe iskar kabon monoksaid ce, gubar da wuta take fitarwa, take dawo mana cikin gida. Ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana iya barci da ita bai farka ba. Tun daga ranar na sa na'urar da take ƙara idan ta ji iskar, ɗaya kusa da ɗakunan kwana, ina kuma gwada ta kowane wata. Ina roƙon duk mai murhun itace ya sa ta. Tambayata ita ce, mu da ba za mu iya hawa rufi ba, sharar ta ƙasa tana wadatarwa?

Magini:
Hajiya, ana sharewa ta ƙasa kuma tana yin kyau, ta cikin murhun ko ta ƙofar shara idan bututun yana da ita, kuma ta fi aminci ga wanda rufinsa yake da gangara ko santsi. Illarta ita ce ba za ki ga hular ba, alhali ita ce wuri mafi sanyi, ragarta takan toshe tun kafin sauran bututun ya yi datti. Don haka nake ganin ko mutum yana shara da kansa, ya kamata sau ɗaya a shekara, kafin sanyi ya shigo, ya kira wanda ya san aikin ya hau ya duba.

A nan na ɗan saɓa da Baba, domin shara daban, dubawa daban. Mai gida zai iya goge kunkunniya, amma ba lalle ya gane tsagar da ke cikin bututun bulo ba, ko farantin da ke rufe mahaɗar bututu da rufi ya ɗaga ruwan sama yana shiga, ko katako ya matso kusa da ƙarfe. Bututu mai bango ɗaya ana so ya nisanci duk abin da wuta take ci da kusan santimita 45, kuma katakon da ya shekara yana shan zafi yana sauya hali a hankali, har ya zama yana kamawa da zafin da bai kai na da ba. Tsayi ma ana dubawa. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce bututu ya ɗara inda ya huda rufi da kusan santimita 90, ya kuma fi duk abin da ke cikin tazarar mita 3 da shi tsayi da santimita 60. Gajeren bututu, ko wanda yawancinsa yake waje cikin sanyi ba rufin da ke riƙe zafi, yana tara datti ko da itacen ya bushe.

Baba Maƙeri:
Ba mu saɓa ba, Malam Magini, ka cike abin da na bari ne. Hawan rufi ma ban ce kowa ya yi ba. Wanda zai hau, ya zaɓi ranar da babu ruwa babu iska, ya ɗaure tsani, wani ya tsaya masa a ƙasa.

Malamar Kimiyya:
Akwai abin da ba a ambata ba, wato kare jikin mai sharar. A shekarar 1775 wani likitan fiɗa na Ingila, Percivall Pott, ya lura cewa masu share bututun hayaƙi, waɗanda aka sa su aikin tun suna yara, suna yawan kamuwa da wani ciwon daji na fata, ya kuma danganta shi da kunkunniyar da take zama a jikinsu. Wannan yana cikin karo na farko da aka alaƙanta ciwon daji da sana'a. Mai shara sau ɗaya ko biyu a shekara ba ya cikin irin halinsu, amma dattin shi ne dai. A sa takunkumi mai tace ƙura sosai, da tabarau da safar hannu, a yi wanka da an gama, a wanke tufafin daban. Haka kuma kada a ƙona katako mai fenti, ko wanda aka jiƙa da maganin gara, ko leda da roba, domin hayaƙinsu guba ne kuma yana cin ƙarfen bututu.

Mai Sabon Murhu:
'Yan'uwa, na dawo da rahoto. Na sami burushin roba da sanduna, na share ta ƙasa, na kwance guntun haɗin na fita da shi waje kamar yadda Baba ya ce. Abin da ya fito ya kusa cika bokiti, yawancinsa ɓawon nan mai ƙaras-ƙaras, gwiwar kuma ta toshe fiye da rabi. Na kira mai aikin ya hau sama, ya tarar ragar hular ta liƙe da baƙin maiƙo, ya goge ta, ya ce bai ga mai sheƙin ba sai ɗan kaɗan a bakin sama, ya kankare shi. Na sa na'urar iskar da Hajiya ta ce. Itacen kuma na auna sabuwar tsaga na ga ya haura kashi 30, don haka na jera shi ya jira baɗi, na nemo busasshe. Yau da safe wuta ta kama da ashana ɗaya. Abin da ya rage mini shi ne maganar dare, domin in ban rufe iskar ba wutar ba ta kai asuba.

Mai Faskare:
Madalla. Ni ma maganar Malama ta sa na leƙa nawa, na tarar da gari mai laushi a jiki, amma a kan farantin sama akwai tarin da ya fi tafi biyu, na kwashe. Game da dare, idan ka zuba itace ka bar iska a buɗe har sai duk guntayen sun kama sun yi baƙi, sannan ka rage ta kaɗan-kaɗan, amma kada ka kai inda harshen wuta zai ɓace. Ka fita waje ka dubi bakin bututun, in wuta tana ci daidai ba za ka ga komai ba sai ɗan kaɗawar zafi. Gara ta mutu da tsakar dare ka sake hurawa da safe. Wajen hurawar ka gwada sa manyan guntaye a ƙasa, ƙirare a sama, ka kunna daga sama, hayaƙin farko yana raguwa sosai.

Baba Maƙeri:
Ka yi aiki mai kyau, ɗana. Ka sayi ma'aunin zafi mai maganaɗisu ka manna a bututun, kusan santimita 45 sama da murhu, zai nuna maka lokacin da wutar ta yi sanyin da take tara datti da lokacin da ta wuce kima. Ka gwada igiyar toshe iska da ke zagaye da ƙofar murhun kuma, ka sa takarda ka rufe a kanta ka ja, inda ta zare ba turjiya igiyar ta mutu, a sauya ta. Toka ka riƙa zuba ta a bokitin ƙarfe mai murfi ka ajiye a waje nesa da bango, domin garwashi yana kwanaki da rai a cikinta. Bayan wata ɗaya da wannan sabon itacen ka sake cire farantin ka kankara ka auna, ka zo ka gaya mana kaurin da ka samu, daga nan za mu san ko sau ɗaya a shekara zai ishe bututunka ko sai ka ƙara da tsakiyar sanyi.